Ziyara Shida a Takardar Wuta

Ku da kuke karanta wannan, abu ɗaya nake roƙonku tun kafin in fara: kada wanda ya ce min in yi haƙuri. Kalmar nan na ji ta a satin nan har ta gundure ni. Ku dai saurara, in na kai ƙarshe sai ku faɗa min ko ni ce mai baƙin hali, kamar yadda ake ta faɗa a gidanmu.

Ranar Litinin da safe aka zuro takardar ta ƙarƙashin ƙofa. Ina tsaye a gaban madubi ina daidaita mayafina ruwan toka a kan farar rigar aiki, saboda a kantin magani nake aiki, ƙarfe takwas ake buɗewa, mai kantin kuwa ba ya jin uzuri. Na ɗauko ta da hannu ɗaya, ɗayan yana laluben takalmi. Ina ganin jan tambari a samanta na san maganar wuta ce.

Bashin ba baƙo ba ne a wurina. Wata biyar Baba ya yi yana jinya kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma a watannin nan duk abin da ya shigo hannunmu asibiti ya tafi. Kuɗin wuta ko tunawa da shi ba mu yi ba, har dubu tamanin da huɗu suka taru. Na sani, ban taɓa musu ba. Tun bayan rasuwar nake cire wani abu daga albashina ina zubawa a wani tsohon gwangwanin madara da ke bayan kayana, har ya kai dubu saba'in. A lissafina, ƙarshen wata in cika in kai musu, mu rabu lafiya.

Amma wannan takardar ba daga kamfanin wuta ta fito ba. Wani kamfani ne na masu karɓar bashi, wai an miƙa musu fayil ɗinmu. A ƙasa an rubuta da manyan baƙi: dubu ɗari da arba'in da biyar da ɗari biyar. Kwana bakwai, ko a yanke wuta.

Zama na yi a bakin gado da takalmi ƙafa ɗaya, na bi layukan da yatsa. Kuɗin karɓar fayil, dubu goma sha biyar. Wasiƙun gargaɗi uku, dubu huɗu da ɗari biyar. Sai na ƙarshe, wanda ya sa na ji kaina ya ɗau zafi: ziyarar jami'i zuwa gida, sau shida, kowace dubu bakwai.

"Umma!" Na fito falo da takardar a hannu. "Akwai wanda ya taɓa zuwa gidan nan a kan maganar wuta?"

Umma tana zaune a kujerarta ta kusa da taga, tana shirin yin allurarta ta ciwon suga. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Wa zai zo? Ni da nake wuni a nan kamar an dasa ni, ai da na gan shi."

"Wasiƙa fa?"

"Wannan ta hannunki ce ta farko."

Na juya na kalli ƙaramin firijinmu da ke gurnani a lungu. A ƙofarsa kwalaban allurar Umma suke jere. In aka yanke wuta kwana biyu sun tashi daga aiki, kowace ɗaya kuwa ta fi ƙarfin albashina na sati.

Ana haka Yaya ya shigo. Shi ne babbanmu, bakanike ne, kullum sai ya biyo ya gaishe da Umma kafin ya wuce gareji. Ya karɓi takardar, ya karanta yana tauna ɗan tsinke, ya ajiye a kan hannun kujera kamar ba komai ba.

"To mene ne na tada jijiyar wuya, Auta? Ai kina da mai biya. Ɗauki hotonta ki tura wa Mai Ƙamshi, kafin azahar an wuce wurin."

Bari in gaya muku wane ne Mai Ƙamshi. Umma ce ta raɗa masa sunan, don turarensa yana riga shi shigowa, ya kuma kwana a labule bayan ya tafi. Wata uku da suka wuce ya ƙwanƙwasa mana ƙofa, wata Alhamis da yamma, sanye da shuɗiyar riga da ta sha guga, agogo mai baƙar fata, takalmi sai sheƙi yake. Ni na buɗe. Ya tambayi Baba da cikakken sunansa. Na ce ai ya rasu. Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Allah ya jiƙansa. Wallahi ban ji ba." Na ce, ka san shi ne? Ya ce, "Ta wajen aiki." Umma ta jiyo daga ciki ta ce a shigo da shi. Ranar har kuka ta yi, wai ga ɗan halak da bai manta da mijinta ba.

Daga nan ƙafarsa ta saba da gidanmu. Ba zan yi muku ƙarya ba, ya shiga raina. A hankali yake magana, in kuma ina magana sai ya ajiye waya ya zuba min ido, kamar duk duniya ba shi da wani aiki sai jin abin da zan ce. Na faɗa masa abubuwan da ko Yaya bai sani ba. Aikinsa kuwa, cewa ya yi a wani kamfanin harkar kuɗi yake, ɓangaren hulɗa da jama'a. Ban tona ba. Har an tsayar cewa manyansa za su zo wurin Yaya a ƙarshen wata.

"Yaya, bai aure ni ba tukuna da zan fara miƙa masa takardun bashi," na ce. "Kuma ko da kuɗin a hannuna, ba zan biya ziyarar da ba a yi ba."

"Taurin kai ke nan. Su waɗannan ana ja da su?"

"Yau za a fara."

"Ki dai bi a hankali," in ji Umma. "Ba ma son fitina."

A cikin mota na ɗauki hoton takardar na tura wa Mai Ƙamshi. Ba don ya biya ba, don dai in samu mai taya ni jin haushi.

Na rubuta: Kalli abin da ɓarayin nan suka aiko mana.

Na ga alamar ya buɗe. Minti ashirin shiru, mutumin da ba ya bari saƙona ya huce. Can sai ga shi:

Subhanallah. Kada ki damu, ranki ya daɗe. Ki bar min, ni zan biya.

Ba biya nake nema ba. Gobe zan je ofishinsu.

A'a, kada ki je. Mutanen nan ba su da mutunci, za su ɓata miki rai a banza.

Su ɓata.

Don Allah ki ji maganata. Kada ki je.

Sau uku ya kira ni a ranar ina kan kanta ina sallamar mutane. A lokacin daɗi na ji, wai yana tsoron kada a wulaƙanta ni. Ku yi min dariya, na cancanta.

Talata na roƙi mai kantin rabin yini, ya ba ni yana ƙunƙuni. Na sa baƙar doguwar riga, mayafi ruwan goro, da takalmi marar tsini don na san tsayuwa zan sha. Na zuba duk tsofaffin rasiɗan Baba a leda, don shi mutum ne da ba ya yar da takarda.

Kamfanin wuta na fara zuwa. Awa ɗaya da rabi a layi, da na isa gaban kanta mutumin ya danna kwamfuta sau biyu ya ce, "Fayil ɗinku ya bar hannunmu. Can za ki je." Na ce ku ne fa kuka ba mu wutar. Ya ce, "Na gaba!"

Ofishin masu karɓar bashin yana hawa na biyu, saman wani shagon taya. Matakala ce matsattsiya mai warin roba. A ciki kujerun roba ne guda goma, fanka mai kuka, da mutane zaune kowa riƙe da takarda mai jan tambari irin tawa, ba mai kallon wani. A bayan tagar gilashi wata mata ce, babba, gilashinta a kan hanci, tana amsa wa mutane ba tare da ta kalle su ba.

Da layi ya zo kaina na zura takardar ta ƙarƙashin gilashi.

"Biya duka ko rabi?" ta ce.

"Ba ko ɗaya. Bayani na zo nema."

"Bayanin yana jikin takardar."

"Na karanta. Dubu tamanin da huɗu na yarda da su, bashin mahaifina ne, zan biya. Sauran dubu sittin da ɗaya da ɗari biyar daga ina suka fito?"

Sai a lokacin ta ɗago. "'Yan mata, da kun biya a kan lokaci da ba ki san hanyar ofishin nan ba. Ku sha wuta wata biyar, sannan ki zo kina min tsiwa?"

"Mahaifina yana kwance a asibiti."

"Kowa da kika gani a kujerun nan yana da labari."

"Ni ban zo ba ki labari ba. An ce an aiko wasiƙa uku, ba mu ga ko ɗaya ba. An ce jami'inku ya zo gidanmu sau shida, babu wanda ya taka mana ƙofa. Ƙarya ce aka rubuta aka ɗora wa kuɗi."

Wani dattijo a bayana ya ce, "Faɗa musu, 'yata." Wata kuma ta yi tsaki ta ce ina ɓata musu lokaci.

"Ki iya bakinki," in ji matar. "Mu ba ma rubuta ƙarya. Duk ziyara da hotonta da ranarta."

"To nuna min."

"Ba a nunawa."

Na juya takardar, na ɗora yatsa a kan ƙananan rubutun da ke baya, waɗanda na karanta a mota har idona ya yi ruwa. "Ga shi nan, ku kuka rubuta: mai bashi yana da ikon ganin shaidar duk kuɗin da aka ƙara masa. Ko shi ma ƙarya ne?"

Ta daɗe tana kallona ta saman gilashi. Sannan ta ja tsaki, ta buga lambar mitarmu, ta juyo da fuskar kwamfutar wajena da ƙarfi.

"Ga shi. Wannan ba ƙofarku ba ce?"

Ƙofarmu ce. Koriya, da ɗan lotsawar da Yaya ya yi mata da babur. A ƙasan hoton ga rana da lokaci: Alhamis, ƙarfe biyar saura kwata. Na buɗe baki zan ce ai kowa zai iya wucewa ya ɗauki hoton ƙofa, ta danna na biyu, ta danna na uku. Duk Alhamis. Duk yamma. A na huɗu, an ɗauko har da bencin da ke cikin ɗan zaurenmu. A kan bencin akwai faranti, a kan farantin kofuna biyu masu bakin zinariya, waɗanda Umma ba ta bari a taɓa sai in baƙo na musamman ne ya zo.

Ni na ajiye farantin nan da hannuna. Na tuna ranar. Na koma ciki ne in sake mayafi, don ya ce shuɗin ya fi yi min kyau.

Na dafa kantar.

"Akwai rubutu a ƙasan kowane hoto," na ce, muryata kamar ba tawa ba. "Ɗan matso da shi."

Ta matso. Na karanta.

Ziyara ta ɗaya: Mai bashin ya rasu. An samu matarsa da 'yarsa.

Ta biyu: An yi magana da 'yar. Ba ta biya ba.

Ta huɗu: 'Yar tana aiki a kantin magani, tana da albashi. Tana tara kuɗi a gida.

Ta shida: Uwar tana da ciwon suga, maganinta sai da firiji. Gargaɗin yanke wuta zai sa su biya da wuri.

A saman shafin, a ɗan lungu, ga hoton jami'in da ke riƙe da fayil ɗinmu. Shuɗiyar riga. Murmushin nan dai da na sani.

Jama'a, ban yi kuka ba. Maganar gwangwanina, maganar allurar Umma, duk a kan bencin nan na faɗa masa, yana gyaɗa kai yana cewa, "Allah sarki, kina ƙoƙari." Ashe yana fita zai zauna a mota ya rubuta.

"Kin san shi ne?" Muryar matar ta ɗan sauka.

"Na ɗauka na san shi."

"Ya taɓa gaya muku daga nan yake? Ya nuna muku katinsa? Ya nemi ku biya?"

"Ko sau ɗaya. Aurena ya ce yana nema."

Ta cire gilashin ta ajiye. Ta jawo aljihun tebur ta zaro wata takarda mai shafi biyu.

"Wannan fom ɗin ƙorafi ne. In jami'i bai bayyana kansa ba, bai kuma nemi biya ba, ba a ƙirga ta a ziyara. Kika cike kika sa hannu, za a bincika, a cire. Amma ki sani, kamasho yake karɓa a kan kowace ziyara. Za a dakatar da shi, kuma da wuya ya dawo." Ta mayar da gilashinta. "Ba shawara na ba ki ba. Na gaba!"

Na ninke fom ɗin na sa a leda tare da rasiɗan Baba. Ina fara sauka a matakala, warin robar nan ya gauraya da wani ƙamshi da ko a cikin dubu zan gane shi. Yana hawowa da sauri, bibbiyu yake taka matakalar, katin aiki yana lilo a wuyansa. Muka yi kiciɓis a tsakiya, inda ba hanyar kauce wa juna.

"Ranki ya daɗe..."

"Kada ka ƙara kirana da wannan."

Ya kai hannu zai tura katin cikin riga, sai kuma ya fasa. "Ki bari in yi miki bayani."

"Nawa ake ba ka a kan kowace?"

"Ba haka ba ne."

"Nawa? Ina so in san kuɗin shayin Umma."

Ya share goshi. "Ki saurare ni. Ranar farko aiki ne ya kawo ni, na yarda. Amma da kika buɗe ƙofa kika ce ya rasu, na kasa faɗa. Da na shiga na ga mahaifiyarki tana kuka, ta yaya zan zaro takardar bashi? Daga baya kuma na ji tsoron in na faɗa kin kore ni."

"Sai ka zaɓi ka riƙa ɗaukar hoton ƙofarmu."

"Ziyara arba'in ake so kowa ya kawo a sati! In ba ka cika ba a yanke maka albashi. In na bar fayil ɗinku ba motsi, wani za a ba, wanda zai zo ya yi muku ihu a gaban maƙwabta. Kare ku nake yi."

"Kare mu? 'Gargaɗin yanke wuta zai sa su biya da wuri.' Wannan ma kariya ce?"

Wani mutum ya zo zai wuce, muka manne da bango, ya bi ta tsakaninmu yana kallonmu.

"Haka kowa yake rubutawa," ya ce a hankali. "In ba ka sa irin wannan ba sai a ce ba ka je ba. Kuma ai ni zan biya duka, na gaya miki. Me kika yi asara?"

Wallahi da bai faɗi wannan ba, wataƙila da na tsaya na ƙara ji. Me na yi asara.

"Ka ce ka san Baba."

"Na ce ta wajen aiki. Ban yi ƙarya ba."

"Matsa min in wuce."

Idonsa ya sauka kan ledar hannuna, inda gefen fom ɗin ya leƙo. Fuskarsa ta canza, muryar nan mai sanyi ta tafi.

"Kin karɓi fom? Kin san mutum nawa nake ciyarwa? In kika sa hannu a takardar nan, kin gama da ni, kuma kin gama da maganarmu."

"Wace magana?" na ce, na ture kafaɗarsa na sauka.

Kafin in isa gida saƙo goma sha ɗaya ya shigo. Na farkon duk ban haƙuri ne da rantsuwa. Na bakwai ya ce: Ki tuna alherin da na yi wa gidanku. Na ƙarshe ya ce: Na kira Yaya.

Na kuwa tarar da Yaya a falo da kayan aikinsa, ko hannu bai wanke ba. Umma ta haɗa kai da gwiwa.

"Kawo takardar nan," ya ce, ko sallamata bai amsa ba.

"Wace?"

"Kada ki raina min hankali. Yaro ya kira ni yana kuka. Ya yi kuskure, ya amsa, ya ce zai biya har da ƙari. Me kuma kike so? Ki raba mutum da abincinsa?"

"Yaya, ciwon Umma ya rubuta musu. Ya ce a tsorata mu da shi."

"Aiki ne! Ni ma in mai mota ya zo ba duk abin da ke raina nake gaya masa ba. Ke kin san wahalar samun miji mai aikin yi a zamanin nan? Na riga na gaya wa mutane manyansa za su zo. Da wane ido zan kalle su?"

"Da idon da ka kalli takardar jiya ka ce ba komai."

Ya miƙe tsaye. Umma ta ce, "Kai, zauna!" Sannan ta juyo gare ni, idonta jawur.

"Auta, zo nan." Na durƙusa a gabanta. Ta kama hannuna. "Ni aka yi wa, ba ke ba. Ni ce na yi kuka a gabansa. Kuma na yafe. Ki yi haƙuri ki yaga takardar nan, kada a ce 'yata ce ta yi sanadin korar wani daga aiki. Bakin mutane ba shi da daɗi."

"Umma, in ya biya, da wane kuɗi zai biya? Da kamashon da ya ci a kanmu. Kuma sunan Baba zai zauna a kwamfutarsu, an rubuta an zo gidansa sau shida iyalinsa sun ƙi biya. Baba da ko rasiɗin shekara goma bai yar ba."

Ta saki hannuna, ta juya fuska wajen taga. Yaya ya ce in na kai takardar nan kada in ƙara kiransa yayana, ya fita ya bugo ƙofa har labule ya tashi.

Laraba da safe, a kan kantar kantinmu, tsakanin mai neman maganin tari da mai neman na hawan jini, na cike fom ɗin. Na rubuta ranakun shida, na rubuta abin da ya kawo shi kowace rana, ban ƙara ba ban rage ba. Na sa hannu. Na roƙi mai kantin ya ba ni dubu goma sha huɗu daga albashina. Ya yi mita har ya gaji, sannan ya ƙirgo. Na haɗa da na gwangwani.

Da azahar na koma ofishin, na zura wa matar fom ɗin da kuɗin.

"Tamanin da huɗu. A rubuta min a rasiɗi cewa asalin bashin ne, ba wani ɓangare na ƙarin ba."

Ta kalle ni, ta rubuta yadda na ce. "Wasiƙun fa?"

"A nuna min wanda ya karɓa ya sa hannu."

Ta duba, ta duba, ta ce babu. Ta ja layi a kansu. Na ce saura dubu goma sha biyar na karɓar fayil, tunda ba wanda ya sanar da mu an miƙa shi. Ta ce wannan ya fi ƙarfinta, sai manaja. Na ce a ba ni wani fom ɗin. Ta yi wata 'yar dariya ta hanci, ta miƙo.

Ranar Juma'a ƙarfe uku saƙonsu ya shigo wayata: an cire kuɗin ziyara shida da na wasiƙu, an janye umarnin yanke wuta, ana duba sauran. Na karanta sau uku a bayan kanta. Na ɗauka zan ji daɗi. Abin da na ji kawai gajiya ce, kamar na yi wanki tun safe. Daga wajen Mai Ƙamshi kuwa shiru, ko hotonsa ya ɓace daga wayata.

Na sayi sabuwar kwalbar allura a kantin, na hau mota, ina ta tsara yadda zan nuna wa Umma saƙon ko ta saki fuska, don kwana biyu ke nan gaisuwa kawai ke haɗa mu.

A bakin ƙofar falo na ga takalman da ban sani ba, na mata, na mutum biyu, an jera su tsaf. Na yi sallama. Muryar Umma ce ta amsa, can ƙasa.

Wata dattijuwa ce zaune a kujerar Umma ta kusa da taga, da farin mayafi, jaka a kan cinya ta riƙe ta da hannu biyu. Umma tana gefe a kan tabarma, a gidanta. An ajiye wa baƙuwar ruwa ba ta taɓa ba. Ban taɓa ganinta ba, amma goshin da hancin ba su ɓoye min komai ba. A bayanta wata budurwa ce tsaye, ta ɗaga waya saitin fuskata.

Na durƙusa zan gaishe ta. Ta ɗaga hannu.

"Riƙe gaisuwarki. Ke ce kika sa aka kori ɗana?"

Na kalli Umma. Ta sunkuyar da kai.

Na miƙe, na wuce ta gabansu na buɗe firiji, na jera kwalbar a inda 'yan'uwanta suke, na rufe. Sannan na jawo kujera na zauna daidai gabanta, na gyara mayafina, na dubi mai wayar.

"Matso kusa," na ce, "don muryata ta fito sosai. Daga ziyara ta ɗaya zan fara."